Wace Ciyawa Ce Ta Fi Ƙara Wa Shanu Nauyi? Darasi Daga Shika, Brazil Da Ostireliya

Tun da gwamnatin tarayyar Najeriya ta kafa ma'aikatar bunƙasa kiwo a shekarar 2024, maganar shuka ciyawa ta bar ɗakunan bincike ta shiga bakin 'yan kasuwa, ma'aikatan da suka yi ritaya da matasan da ke neman sana'a. Tambayar da ke bakin kowa guda ce: wace ciyawa zan shuka don shanuna su yi ƙiba? Masu sayar da iri ba sa rasa amsa. Wani zai ce Napier, wadda ake kira ciyawar giwa, wani zai ce Mombaça, wani kuma Brachiaria, kuma kowannensu yana da hoton gona kore shar wadda ciyawarta ta shanye tsawon mutum. Ni dai a ganina an ɗauko tambayar daga inda bai kamata ba. Tsawon ciyawa da yawan dammunan da aka yanka ba su ne ke kai sa kasuwa ba. Abin da ya kamata a auna shi ne kilo nawa san ya ƙara a cikin wata goma sha biyu cur, da damina da rani duka, kuma nawa aka kashe kafin a samu kowane kilo. Idan aka yi awo da wannan mudu, za a tarar cewa a ƙasarmu rani ne alƙali, kuma ciyawar da ta yi nasara ita ce wadda ta rage ramar da shanu ke yi daga Disamba zuwa Mayu.

Dalilin wannan yana cikin tumbin saniya. Ba saniyar ce da kanta ke narkar da ciyawa ba, wasu ƙananan halittu ne da ke zaune a tumbinta suke aikin, kuma su ma sai da furotin suke rayuwa. Masana abincin dabbobi sun daɗe da tabbatar da cewa idan furotin ɗin ciyawa ya yi ƙasa da kashi 7 cikin 100 na busasshen nauyinta, waɗannan halittu sukan yi rauni, abinci ya daɗe a tumbi, dabbar kuma ta rage ci ko da ciyawa ta kai mata wuya. San da ke da nauyin kilo 250 yana buƙatar kusan kilo 6 na busasshen abinci a kullum, amma idan abincin karmami ne ba zai iya cin ko wannan ba. Sabon tohon ciyawa a farkon damina yakan wuce kashi 10 cikin 100 na furotin. Da zarar ta yi kara ta fitar da kai, sai ya soma sauka, kafin tsakiyar rani ya koma kashi 2 ko 3. Shi ya sa nauyin shanunmu yake hawa da sauka kowace shekara: su tara da damina da kaka, su zubar da wani kaso da rani da bazara. Bijimin Bunaji da ya kamata ya isa yanka da wuri sai ya kai shekara huɗu ko biyar yana biyan bashin da rani ya ɗora masa.

Yadda ake awon gaskiya

Kafin a ce wannan ciyawa ta fi waccan, akwai ma'aunai uku da ba a raba su. Na farko shi ne abin da kowane sa ya ƙara a rana, wanda ke nuna ingancin ciyawar. Na biyu shi ne jimillar kilon da hekta guda ta bayar, wanda ke nuna yawanta. Na uku shi ne shekara nawa za ta jure kiwo kafin ta mutu ko ciyayin banza su cinye filin. Ma'auni na farko da na biyu suna jayayya da juna, kuma nan ne ake ruɗar mai saye. Masu bincike a Ostireliya sun nuna tun a 1974 cewa duk lokacin da aka ƙara yawan shanu a fili, abin da kowannensu ke ƙarawa yana raguwa daidai gwargwado. A ɗauki lissafi na misali kawai: sa guda a hekta guda ya ƙara kilo 150 a shekara, idan biyu ne kowanne ya ƙara 120, jimilla 240, idan uku ne kowanne 90, jimilla 270, idan huɗu ne kowanne 60, jimilla ta dawo 240, filin kuma ya soma zama fako. Ciyawa ɗaya ce, ƙasa ɗaya, amma mai talla zai iya zaɓar lambar da ta yi masa daɗi. Saboda haka duk wanda ya ce maka ciyawarsa tana ƙara kilo kaza, ka tambaye shi shanu nawa ne a hekta, wata nawa aka yi ana awo, kuma buhun taki nawa aka zuba. Har awon kansa yana da ƙa'ida, domin abin da ke cikin tumbin babban sa kaɗai yakan kai gomman kilo. Shi ya sa a gwaji na gaskiya ake kwanar da shanu ba ci ba sha kafin a hau da su sikeli.

Babu ƙasar da ta yi wannan kwatance da gaske kamar Brazil, wadda a yau take da shanu fiye da miliyan 200 kuma ita ce kan gaba a duniya wajen fitar da naman sa. Yawancin shanunta Nelore ne, masu tozo irin namu, asalinsu daga Indiya, kuma kusan duk ciyawar da suke ci daga Afirka ta fito. A shekarun 1970 nau'in Brachiaria mai suna Basilisk, wanda asalinsa Yuganda ne, shi ya buɗe wa makiyaya yankin Cerrado mai jar ƙasa marar ƙarfi. Ya jure talaucin ƙasa, amma wani ƙwaro mai kumfa da ke tsotse ruwan ciyawa ya addabe shi, kuma yana sa wa maruƙa da tumaki ciwon hanta da ke sa fata ta sale a rana. A 1984 hukumar binciken noma ta ƙasar, Embrapa, ta fitar da Marandu, wanda asalinsa Zimbabuwe ne, mai jure wannan ƙwaro. Daga baya ta fitar da nau'o'in Panicum guda biyu da aka tattaro daga Tanzaniya: Tanzânia a 1990 da Mombaça a 1993. Abin da gwaje-gwajen shekaru suka nuna bai ba kowace ciyawa kambu ba. A ƙasa mai ƙarfi da taki, Tanzânia da Mombaça sun fi Brachiaria ƙara nauyi da damina kuma sun fi ɗaukar shanu da yawa. A ƙasa marar ƙarfi da ba a sa mata taki, su ne kuma ke fara lalacewa, Brachiaria ta bar su a baya. Lokacin da Embrapa ta fitar da nau'in Paiaguás a 2013, babban abin da ta yi alfahari da shi shi ne yana riƙe ganye da inganci a lokacin rani, shanu suna ci gaba da ƙaruwa a kansa fiye da nau'in da aka gwada shi da shi. Ke nan har a ƙasar da ta fi mu ruwa, watannin fari ne suke raba gardama.

Brazil ta kuma koyar da abu biyu da mai tallar iri ba ya faɗa. Na ɗaya, lokacin da aka saki shanu a fili yana iya fin sunan ciyawar tasiri. Masu bincike a can sun tsayar da cewa Mombaça a shiga kiwonta idan ta kai kusan santimita 90, Tanzânia kuma kusan 70. Idan aka bari ta wuce haka sai ta koma kara da matattun ganye, shanu su tattake fiye da abin da suka ci. Wato hoton nan na ciyawar da ta shanye mutum, wanda ake nuna wa mai saye don a burge shi, hoton ciyawar da ta riga ta wuce lokacinta ne. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai. Na biyu, dogaro da nau'i guda haɗari ne. Marandu ya mamaye miliyoyin hektoci, sai ga shi daga shekarun 1990 ya soma mutuwa fili-fili a jihar Acre da wasu sassan Amazon inda ƙasa ke riƙe ruwa, makiyaya suka wayi gari da fili babu abinci.

Gamba: abin gida da ya yi suna a waje

A nan ne labarin ya biyo ta ƙofar gidanmu. Gambar da muke saƙa zana da ita tana cikin ciyayin da aka fi gwadawa a duniya. Irin da aka ɗauka daga Shika, kusa da Zariya, inda cibiyar binciken dabbobi ta NAPRI take, shi ne cibiyar CIAT ta gwada a tashar Carimagua da ke filayen gabashin Kolombiya, aka fitar da shi ga manoma a 1980 da sunan Carimagua 1, a Brazil kuma da sunan Planaltina. An zaɓe ta ne don saiwarta tana nitsewa ƙasa sosai, tana jure fari da gobara da ƙasa mai tsami, ba ta buƙatar taki mai yawa, ƙwaron nan mai kumfa bai dame ta ba, kuma tana cikin masu fara toho da zarar ruwan farko ya sauka. Wannan toho na farko yana zuwa ne daidai lokacin da shanu suka fi galabaita. Aibinta kuma sananne ne ga duk makiyayi: tana jinkirin kafuwa a shekarar farko, kuma idan aka bar ta ta yi kara, ingancinta yana faɗuwa warwas. Ostireliya ta ga ƙarshen wannan sakaci. An kai gamba can a shekarun 1930 don kiwo, ta tsere daga gonaki a arewacin ƙasar, tana kai mita 4, gobararta tana ƙone har manyan bishiyoyi, har a 2012 aka sa ta cikin jerin ciyayin da ƙasar ke yaƙi da su. Ciyawar da ta raya shanu a Kolombiya ita ce ta zama annoba a inda babu bakin da zai riƙa cin ta tana gajeruwa.

Sai dai babban abin da Carimagua ta gano ya wuce gamba ita kaɗai. Canza ciyawar daji da ciyawar shuka ya ƙara yawan shanun da fili ke ɗauka ƙwarai, amma bai ƙara abin da kowane sa ke samu da yawa ba, domin ita ma ciyawar shuka furotin ɗinta yana faɗuwa da rani. Sai da aka haɗa ta da tsirrai dangin wake, irin su Stylosanthes da Centrosema, sannan aka ga nauyin da kowane sa ke ƙarawa ya kusan ninka na dajin asali sau biyu, abin da hekta ke bayarwa kuma ya ninka kusan sau goma. Dangin wake suna riƙe furotin a ganye da 'ya'ya bayan ciyawa ta bushe, suna kuma kama naitirojin daga iska su zuba wa ƙasa, ciyawar da ke gefensu ta amfana. Haka aka gani a jihar Queensland ta Ostireliya. Can filayen ciyawar buffel, 'yar'uwar ƙarangiyarmu, sukan yi ƙarfi a shekarun farko sannan su soma ja da baya saboda ƙarancin naitirojin. Makiyayan da suka shuka layukan bishiyar leucaena a cikin ciyawar suna samun ƙarin kilo 250 zuwa 300 a kan kowane sa a shekara, alhali a ciyawa zalla da wuya a kai 200. Ita ma leucaena tana da guba idan aka ci da yawa, kuma sai da aka nemo wa shanun wasu ƙwayoyin tumbi daga awakin Hawai kafin a shawo kan matsalar. Abin lura dai shi ne, tazarar da ke tsakanin ciyawa zalla da ciyawa mai haɗin dangin wake ta fi tazarar da ke tsakanin kowace ciyawa da 'yar'uwarta.

Wannan ba baƙon ilimi ba ne a arewa. Manomin da ke adana harawar wake da ta gyaɗa a kan rumfa, da makiyayin da ke kakkaɓo wa dabbobinsa 'ya'yan gawo da rani, duk furotin suke nema ko ba su kira shi da wannan suna ba. A farkon shekarun 1980 cibiyar ILCA ta gina kan wannan a kudancin Kaduna, a wurare irin su Kurmin Biri da Abet. Ta ƙirƙiro abin da aka kira bankin ciyawa: fili mai kimanin hekta 4 da aka kewaye da shinge kusa da ruga, aka shuka Stylosanthes, aka hana kiwonsa sosai da damina, sannan da rani a riƙa sakin shanu su yi awa biyu ko uku a ciki kowace rana. Shanun da suka samu wannan ƙari sun rage rama, maruƙansu sun fi rayuwa, shanun mata kuma sun fi ɗaukar ciki.

Ƙorafe-ƙorafen da suka cancanci amsa

Mai ja zai ce, to Napier fa, wadda babu ciyawar da ta kai ta yawan amfani a hekta? Gaskiya ne, inda akwai ruwa da taki babu mai kamo ta. Amma ciyawar yanka ce fiye da ta kiwo, domin ba ta jure a bar shanu a kanta kullum. Tana son ruwa mai yawa, tana zuƙe ƙarfin ƙasa da sauri, kuma mafi yawan nauyin ɗanyenta ruwa ne, don haka tan-tan ɗin da ake ambato yana raguwa matuƙa idan aka busar. Wurinta shi ne fadama da gefen madatsun ruwa, a hannun mai kiwon turke ko mai shanun madara kusa da gari. Haka zancen yake ga Mombaça. Yawancin Cerrado na samun ruwan sama fiye da milimita 1,200 a shekara. Zariya tana samun kusan 1,000, Katsina da Maraɗi kuma ba sa ma kusantar haka, ga rani na wata bakwai ko takwas. Sakamakon da aka samu a Brazil ba zai bi buhun iri ya sauka a Daura ba.

Wani zai ce ramar rani ba abin damuwa ba ce, tunda shanu suna ramawa da sauri idan damina ta faɗi. Akwai gaskiya a ciki, domin dabbar da ta sha yunwa takan ƙara nauyi fiye da kima idan ta samu abinci. Amma ramuwar ba ta cika zama cikakkiya ba, musamman ga maruƙan da yunwa ta kama suna ƙanana. Kuma ba ta dawo da wanda ya mutu da bazara, ba ta dawo da cikin da saniya ta kasa ɗauka, ba ta kuma biyan asarar wanda dole ta sa ya sayar da ramammen sa a watan Afrilu da rahusa. Wani kuma zai ce a sayi dusa da angurya da ƙuli-ƙuli a huta. Ga mai turke sa biyu ko uku na wata uku kafin Babbar Sallah, wannan lissafi yana iya fita. Ga mai garke hamsin na tsawon wata shida, kuma a lokacin da masu kaji ke neman dusar nan ɗaya, kuɗin zai cinye ribar. Furotin ɗin da ya tsiro a fili ya fi wanda aka auno a kasuwa araha.

Ƙorafin da ya fi nauyi shi ne na ƙasa. Makiyayin da ba shi da tabbacin zai kwana a wuri guda baɗi ba zai shuka ciyawar da sai ta shekara biyu take kafuwa ba. Bankunan ciyawar ILCA da yawa sun lalace saboda tsadar shinge, gobarar daji, ƙarancin iri, cutar da ta kama wasu nau'o'in Stylosanthes, da rashin tabbas kan mallakar fili. Dokar gandun kiwo ta Jihar Arewa ta 1965 ta ware filaye, amma kaɗan ne aka yi wa rajista, da yawa kuma gonaki da gine-gine sun cinye su tare da burtalolinsu. Wannan ƙorafi bai rushe hujjar ba, iyakarta ya nuna: ciyawar shuka ta wanda ke da fili tabbatacce ce. A can arewa mai nisa kuwa, inda ruwa bai isa ba, yawon kiwo ne ya fi dacewa da ƙasar. Binciken da masana na Holan da Mali suka wallafa a 1982 ya nuna cewa a yawancin Sahel ƙarancin naitirojin da fosfaras a ƙasa yana takura ciyawa fiye da ƙarancin ruwa, kuma 'yar gajeruwar ciyawar arewa ta fi doguwar ta kudu furotin. Makiyayin da ke kora Rahaji ko Azawak arewa da damina, ya bi ƙarangiya da burburwa da gadagi, ya gangaro wa burugun bakin kogi da rani, shi ma kwatancen ciyawa yake yi, da ƙafa maimakon sikeli. Abin da yake buƙata shi ne a tsare masa hanya da mashaya, a kuma yaƙi garmanin da ke mamaye makiyayu a kudancin Nijar.

Ga mai fili a yankin da ruwa ya kai, shawarar da hujjoji suka nuna a bayyane take. Ya kafa gindin filinsa da ciyawar da ta saba da ƙasar, kamar gamba, ya haɗa ta da Stylosanthes ko ya ware wani yanki ga lablab da wake. Ya ba filin takin supa, domin dangin wake ba sa kafuwa sai da fosfaras. Ya riƙa kiwon ciyawar tana gajeruwa, ya yanke rarar, har da kyasuwar gefen gona, ya yi ingirici kafin ta fitar da kai, ya share hanyar tare gobara da kaka, kuma ya daidaita yawan shanunsa da abin da filin zai iya ɗauka a watan Maris, ba a watan Agusta ba. Ciyayin waje masu son taki ya gwada su a ɗan yanki, shekara biyu ko uku, kafin ya zuba dukiyarsa.

Nauyi mafi girma yana kan hukuma. Kafin a kashe kuɗin jama'a wajen shigo da iri, ya kamata NAPRI da jami'o'in arewa su samu kuɗin gudanar da gwajin kiwo na gaskiya, da shanunmu na Bunaji da Bokoloji, a yankuna masu bambancin ruwa, na aƙalla shekara uku, a kuma buga sakamakon da Hausa da Fulatanci: kilo nawa a kan kowane sa, kilo nawa a hekta, nawa aka rasa da rani, nawa aka kashe. Duk mai sayar da irin da ya kasa kawo waɗannan lambobi huɗu daga ƙasa irin tamu, bai cancanci kuɗin makiyayi ko na gwamnati ba.